KUNNENKI NAWA? Kwano Ɗaya, Jiki Biyu

  

Wasiƙar wannan fitowa daga Warra ta zo, can bakin ruwan Kainji a ƙaramar hukumar Ngaski. Wata ƙanwarmu 'yar aji biyar a sakandare ce ta rubuto, ta ce: "Anti, ni da Yayata uwa ɗaya uba ɗaya muke, kwano ɗaya muke ci. Amma ita kamar sillen kara, ni kuwa ko ruwa na sha sai ya zama tsoka. Bikinta saura wata uku, ƙawayenta sun kawo mata ƙwayar ƙiba, wai kar dangin miji su ce ba a ba ta abinci a gidanmu. Ni kuma a makaranta buhun albasa ake ce mini, har na daina karyawa, na koma shan shayin rage teɓa. Don Allah ki ba mu shawara."

To ƙanwata, share hawayenki. Daga ke har Yayar babu mai laifi, amma dukkanku kun kama hanyar cutar da kanku.

Da farko ki sani akwai gado a cikin lamarin. A 1990 wani likita a Amurka, Albert Stunkard, ya bi diddigin tagwayen ƙasar Suwidin waɗanda aka raba tun suna yara, kowa ya tashi a gida daban. Da suka girma sai ga shi jikinsu ya zo kusan ɗaya. Ku da ba tagwaye ba kuwa, kowacce da inda ta ɗauko. Ki duba gwaggonninki da innoninki, za ki ga ke da wa kika yi kama, Yaya da wa.

Na biyu, jiki yana da masu gadinsa. A 1994 aka gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa don ta san akwai ajiya. A 1999 kuma masana a Japan suka gano girelin, wanda ciki ke fitarwa ya ce miki yunwa. Ranar da kika fara horar da kanki da yunwa, leftin zai ragu, girelin ya ƙaru, jiki kuma ya rage abin da yake ƙonawa don yana zaton fari aka shiga. Shi ya sa mai ƙin karyawa take rama wa kura aniyarta da daddare, ta cinye na safe da na rana a zama ɗaya. Ba kwaɗayi ba ne, jiki ne ke ƙwatar kansa.

Amma fa kar ki ce shi ke nan, gado ne, ki naɗe hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da ƙiba mai yawa, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Jini bai canja a shekara talatin ba, zama ne ya canja. Kakanninmu na Yawuri da Shanga da Ngaski su ne daka, su ne ɗebo ruwa, su ne tuƙin jirgi da aikin albasa, abincinsu tuwon dawa da miyar kuka da kifi. Mu kuwa injin niƙa, babur har ƙofar gida, lemon kwalba, taliyar leda, ga waya a hannu har sha biyun dare.

Yanzu ki miƙa wa Yaya mujallar. Amarya, da yawa daga cikin abin da ake sayarwa da sunan ƙwayar ƙiba deksa ce, maganin da likita ke bayarwa don asma da kumburi. Abin da take kawowa ba ƙibar lafiya ba ce. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, nanƙarwa ta tsattsage fata, al'ada ta rikice, bayan nan ga ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. In kin riga kin yi makonni kina sha, kar ki yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ki je asibiti a rage miki a hankali.

In tun fil azal haka jikinki yake, kina da ƙarfi, al'adarki na zuwa daidai, to halitta ce. Ki ƙara da gyaɗa, ƙwai, wake, nono da kifi. Amma in ramewa kike yi, ga tari fiye da mako biyu da gumin dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ko jini a fitsari irin na tsargiya da ke damun mutanen bakin ruwa, gwaji kike buƙata. Shi kuma angon ai a haka ya gan ki ya ce yana so.

Ke kuma ƙanwata, zubar da shayin nan. Da yawansu filasko ne a ciki, gudawa kawai suke sa ki, ruwa ya fita kitse na nan daram. Ga abin yi:

Ki nemi igiya daidai tsawonki, ki ninka biyu, ki zagaya ƙugunki saitin cibiya. In ta haɗu, ki kwantar da hankalinki. In ba ta haɗu ba, sai gyara.

Ki karya da safe, ko koko da ƙosai ne, ba sukari barkatai.

Rabin kwanonki ya zama ganye, zogale, rama, alayyahu ko kuɓewa. Ki rage malmala, ki rage mai. Allah ya hore muku ƙarfasa da tarwaɗa da warangi, ki ci banda ko farfesu ya fi soyayye.

Kwalbar lemo ɗaya tana da sukari kusan ƙaramin cokali 9. Ki bar shi sai ranar biki.

Ki motsa jiki kamar awa ɗaya a rana. Tafiya makaranta a ƙasa, shara, daka, tsallen igiya a tsakar gida, duk lissafi ne.

Ki yi barci awa 8 ko fiye, don ƙarancin barci na tada yunwa.

Rabin kilo a mako ya isa, sannu ba ta hana zuwa. In kuma al'adarki na tsallake watanni, ga ƙuraje da gashi a haɓa, ko kasala da jin sanyi kullum, ki faɗa wa Inna ta kai ki ga likita, don wani sa'in matsalar ƙwan mace ce ko ta maƙoƙo.

Ku kuma masu kiran 'yar uwarku buhun albasa, ku ji tsoron Allah. Kalma ɗaya taku ta hana yarinya karin kumallo.

Ina jiran wasiƙarku bayan biki, ku ba ni labari. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku.