Binciken Da Bai Je Karofi Ba

Marinar Ƙofar Mata a Kano ta haura shekara 500 tana rini da baba da toka. Rinin zamani kuwa galura ce da soda mai ƙuna, kuma in an gama turin shadda, kwata ake juye wa ragowar. Ruwan masana'antun Sharaɗa da na Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai ya faɗa Jakara, masu lambu su ja shi su shayar da latas da alayyahu. Wasu nau'o'in galurar, idan suka ruɓe, suna sakin sinadarai masu jawo kansa. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana su a tufafi tun 2002.

Maganin fa sananne ne. Akwai sinadarai masu zuga: su tayar da faɗa tsakanin hasken rana da rini, rinin ya wargaje, su kuma su fito ba ko ƙwarzane, a sake aiki da su. Fitaccensu shi ne farin garin titaniyam da ake sawa a fenti, wanda Fujishima da Honda na Japan suka nuna ƙarfinsa a 1972. Ana iya ɗora shi kan gawayin ɓuntun shinkafa. Rana da ɓuntu kuwa, wa ya fi Kebbi?

To ina matsalar? Bincikenmu a kofin gilashi yake ƙarewa. Ɗalibi ya narka shuɗin rini a tsabtataccen ruwa, launi ya gushe, a yi tafi, a jibge kundi a kanta ya sha ƙura. Ruwan marini na gaske cike yake da gishiri da soda da sitaci. Gushewar launi ma ba ita ce gushewar guba ba. A sana'armu ta rubuta manhaja, wadda ba ta aiki sai a kwamfutar mai ita ba ta kammalu ba.

Jami'ar kimiyya da fasaha tana Aliero, gulbin Zamfara yana ratsa Jega. Malamai, ku gina kwatarniya ɗaya tak a bakin wajen rini, ku auna ruwan shiga da na fita wata shida, ku faɗa wa marini da Hausa nawa zai kashe kan kowace jarka. In kuɗin ya fi ƙarfinsa, ku koma ɗakin gwaji. Masu albasar Aliero da gulbi da rijiya suke ci. Kada mu jira namu ya zama Jakara.