FILIN KIWON LAFIYA: Lokotoro mai ƙarancin maki da neman gurbin ƙwarewa

A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, kowa ya san darajar lokotoro. Haka abin yake a Ƙonni da Malbaza da Illela. Idan haifuwa ta gardama wa mace cikin dare, ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta, sai a nemi mota. Wasu su nufi Ƙonni, wasu Galmi, wasu har Tawa, tafiyar fiye da kilomita 100. Abin da ake nema a wannan dare shi ne mai iya fiɗa. Jinkirin awa kaɗan yana jawo mutuwar jariri, ko ya bar uwa da yoyon fitsari.

Saboda haka zancen wannan wata ya shafi kowa, ko da babu ɗan lakwal a gidansa. Zancen shi ne: yaron da ya gama karatun lokotoro da maki kaɗan, yana iya samun gurbin ƙwarewa?

Ga yadda karatun yake

Bayan jarrabawar bak, ɗalibi yana shekara bakwai ko fiye a jami'a, ya rubuta kundinsa, ya kare shi gaban malamai. Daga nan ya zama lokotoro na gama-gari, mai duba kowace cuta. Wanda yake son ya ƙware a fanni ɗaya sai ya sake komawa. Takardar da ake bayarwa ana ce mata DES. Fannin mata da haifuwa shekara huɗu ne, na yara ma huɗu, fiɗa kuwa biyar. A cikin waɗannan shekaru mai koyo yana kwana a asibiti, yana aiki ƙarƙashin idon babban malami.

A da sai an tafi Dakar, inda Faransa ta buɗe makarantar likitoci a 1918. Jami'ar Yamai ta tsaya da ƙafarta a 1973, aka buɗe sashen kiwon lafiya a 1974. Ita ce aka raɗa wa sunan Abdu Mumuni a 1992. Daga baya Maraɗi da Damagaram suka samu nasu sassan. Masu fitowa sun ƙaru, amma guraben ƙwarewa ba su ƙaru haka ba, domin malami ɗaya ba ya koya wa mutum hamsin riƙon wuƙa a lokaci guda. Shi ya sa ake tace masu nema da jarrabawa da binciken takardu.

Maki yana da nauyi

Kada a yaudari kowa. Wanda ya riƙa wucewa da 10 bisa 20 da ƙyar, ko ya maimaita aji, yana bayan wanda ya saba cin 14. Malamai suna duba wannan, kuma suna da hujja: wanda zai buɗe cikin mutum dole ya san abin da ke ciki. Amma makin da ya wuce labarin jiya ne. Sau da yawa dalilinsa sananne ne. Ɗan talaka ya sauka Yamai ba masauki, kuɗin tallafi ya makara, littafi ɗaya mutum biyar ke karɓa-karɓa. Wani ciwo ya kwantar da shi, wani rasuwar uba ta mayar da shi gida lokacin jarrabawa. Abin da malamai ke son gani shi ne abin da mutum ya yi bayan haka.

Abubuwa biyar da ke ɗaga mai ƙarancin maki

Na farko, jarrabawar shiga. Sabuwa ce, ana yin ta da takarda fara. Tambayoyinta suna komawa ga tushe: tsarin jikin ɗan Adam, yadda gaɓoɓi ke aiki, yadda cuta ke kama su. Wanda ya ware awa biyu kowace asuba shekara guda, ya nemi tambayoyin shekarun baya wurin yayyensa, ya haɗa kai da abokai biyu ko uku suna yi wa juna tambaya, yana iya wuce wanda ya dogara da tsohon makinsa. Wanda ya faɗi kuwa yana iya sake nema.

Na biyu, aikin karkara. A 2005 ma'aikatar kiwon lafiya tare da jami'ar Yamai suka fito da shirin koya wa likitocin gama-gari fiɗa cikin wata 12, domin asibitocin gunduma su riƙa ciro jariri da gyaran gwaiwa da sauran aikin gaggawa. A wannan shekara ce gwamnati ta mai da fiɗar haifuwa kyauta, a 2006 kuma aka ɗauke kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Marasa lafiya suka yawaita a asibitocin gunduma. Lokotoron da ya zauna irin wannan wuri shekara biyu ko uku hannunsa ya faɗa. Sai dai ya riƙe littafi, ya rubuta kowane aiki da ranarsa da yadda ya ƙare, shugabansa ya sa hannu. Aikin da ba a rubuta ba, ba shi da shaida.

Na uku, shaidar malami. Wanda yake son fannin yara, ya yi kundinsa a kan cutar yara, kamar zazzaɓin cizon sauro ko tamowa, waɗanda ke cika asibitocin wannan yanki daga damina zuwa kaka. Ya riƙa kai kansa wurin malamin fannin, ya karɓi kwanan tsaro ba tare da ƙorafi ba. Takardar malamin da ya ga aikin mutum da idonsa ta fi roƙon dangi nesa.

Na huɗu, zaɓen fanni. Wasu fannoni cunkoso ne, wasu kuwa masu nema kaɗan ne alhali buƙata tana da yawa. Mai sa barci kafin fiɗa yana cikin waɗanda ƙasa ke ƙishirwarsu, kuma in babu shi mai fiɗa ba ya taɓa kowa.

Na biyar, ƙofa ba ɗaya ba ce. 'Yan Nijar sun yi ƙwarewa a Dakar da Abijan da Kwatano da Wagadugu da Maroko. Asibitin Galmi, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950, ya horar da masu fiɗa na shekara biyar a ƙarƙashin ƙungiyar PAACS, wadda shirinta na likitoci Kirista ne. A Sakkwato, kamar kilomita 90 daga Ƙonni, akwai asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Najeriya sai mutum ya yi rajista da hukumar likitocin ƙasar, ya ci jarrabawar farko ta kwalejin ƙwararru da aka kafa a 1979 ko ta kwalejin Afirka ta Yamma. Da Ingilishi ake yin ta, don haka mai wannan niyya ya fara koyon harshen tun da wuri.

Gargaɗi ga iyaye

Akwai masu yawo suna cewa sun san wani babba, a ba su kuɗi su samo gurbi. Kada kowa ya sayar da gona ko garkar albasa saboda wannan. Kuɗin zai tafi, in kuma asiri ya tonu sunan yaro ya ɓaci. Ko da an dace, wanda ya shiga ta bayan gida wata rana ɗiyar wani ce za ta kwanta a gabansa.

Taimakon da ya dace shi ne haƙuri. Mai ƙwarewa yana shekara huɗu ko biyar da ɗan abin hannu kaɗan. Dangi su rage masa nauyin biki da suna, su bar matsa masa da cewa sa'o'insa sun yi mota. Ma'aikacin gwamnati kuma ya bi ƙa'ida, ya nemi izinin tafiya karatu ta hannun shugabanninsa, ya tanadi takardunsa tun kafin a yi shela.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da auna lokotoro ɗaya ga mutum 10,000. Nijar ba ta kai ko rabin wannan ba, kuma ƙwararrun da ake da su yawancinsu suna Yamai. Ɗan Tsarnawa ko Illela da ya faɗi sau ɗaya ya zauna, asarar ba tasa ba ce shi kaɗai, har da matan da ake ɗauka a mota cikin dare. Ya ɗauki littafinsa ya sake shiri. Sannu ba ta hana zuwa. Idan Allah ya ba shi sa'a, ya tuna da inda aka yanke cibiyarsa.