Kamun ƙafa a Abuja, asara a Shuwarin

A watan Yulin 2024 gwamnatin Najeriya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na tsawon kwanaki 150.

Ga mazauna birane wannan albishir ne. Amma ga ɗan kasuwar da ya ci bashi ya tara shanshera a Shuwarin, kusa da Dutse, yana jiran farashi ya hau, sanarwar ta rushe lissafinsa. Haka ma manomin alkama, domin a jihar Jigawa ne aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a watan Nuwamban 2023, watanni takwas kacal kafin nan.

Ba wannan ne karon farko ba. A shekarar 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kayayyaki 41, ciki har da shinkafa, sayen dala a kasuwar gwamnati. A watan Agustan 2019 aka rufe kan iyakoki na tudu, aka fara buɗe su a Disamban 2020, sannan a Oktoban 2023 bankin ya ɗage haramcin. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan ya azurta wasu, ya karya jarin wasu.

Ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN ta fito fili ta goyi bayan takunkumin, yayin da masu masana'antu suka yi ta kokawa kan hana su dalar sayen kayan aiki. To sai dai abin da ake faɗa a gaban 'yan jarida ke nan. Wanda ya gana da minista, da abin da ya nema, babu inda ake rubutawa don jama'a su gani.

A Amurka kuwa, dokar 1995, wadda aka ƙarfafa a 2007, ta tilasta wa masu kamun ƙafa su bayyana duk bayan watanni uku sunan wanda ya ɗauke su aiki, da kuɗin da aka biya su, da batun da suke bi. Kuɗin da aka bayyana a 2023 ya haura dala biliyan 4.

Masu zuba jari kan karanta waɗannan takardu kamar hasashen yanayi. Idan kamfanonin wani fanni suka ninka abin da suke kashewa kan wani ƙuduri, alama ce ta cewa akwai abin da suke tsoro ko suke kwaɗayi. Ba duba ba ne, tunda mai kashe kuɗi da yawa ma yakan sha kaye, amma yana nuna inda hadari ke haɗuwa.

Abin mamaki shi ne ta irin waɗannan takardu na Washington ne 'yan Najeriya suka san cewa a 2018 jam'iyyar PDP ta ƙulla yarjejeniyar sama da dala miliyan 1 da kamfanin Ballard Partners. A gida kuwa, ƙudurin rajistar masu kamun ƙafa da Sanata Dino Melaye ya gabatar ya tsallake karatu na biyu a 2016, amma bai zama doka ba.

Saboda haka jami'in banki a Dutse da ke duba takardar neman rance ta mai injin casa daga Birnin Kudu ko Jahun zai iya auna damina da kuɗin taki, amma ba shi da ma'aunin abin da ake ƙullawa a Abuja. Abin da ya rage masa shi ne ya tsaurara sharuɗɗa, ko ya nemi jingina mai tsoka, ko ya hana bashin baki ɗaya.

Manyan kamfanoni dai suna da mutanensu a ma'aikatu da kwamitocin majalisa. Mai buhu ɗari biyu a rumbu kuwa a rediyo yake jin labari, rana ɗaya da wanda zai saya a hannunsa.