Rikicin kamfanonin motoci a Jamus: haɗarin da ke iya kaiwa har kasuwannin Kwatano

Jamus, ƙasar da ta fi kowacce ƙarfin tattalin arziki a Turai, ta yi shekara biyu a jere, 2023 da 2024, arzikinta yana ja baya. A tsakiyar wannan koma baya ne masana'antar ƙera motoci, wadda a 2024 take ɗauke da ma'aikata kusan dubu 770, ta shiga halin da ta daɗe ba ta ga irinsa ba.

A watan Disamban 2024 kamfanin Volkswagen ya cimma yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall kan rage guraben aiki sama da dubu 35 a Jamus kafin shekarar 2030, bayan ya yi barazanar rufe wasu masana'antunsa a cikin gida, abin da bai taɓa yi ba. Kamfanin Audi ya rufe masana'antarsa ta Brussels a watan Fabrairun 2025, mutane kusan dubu uku suka rasa aiki. Masu ƙera kayan haɗa mota ma ba su tsira ba: ZF ya ce zai rage har ma'aikata dubu 14 a Jamus kafin ƙarshen 2028, Bosch shi ma ya sanar da rage dubbai.

Daga ina matsalar ta taso?

Na farko, Turawa sun rage sayen sabbin motoci. A 2019 an yi rajistar sabbin motoci kusan miliyan 13 a ƙasashen Tarayyar Turai, amma a 2024 adadin ya tsaya a wajen miliyan 10.6. Masana'antar da aka gina don ƙera mota dubu ɗari, idan ta ƙera dubu sittin, albashi da kuɗin wuta da bashin banki ba sa raguwa daidai da haka.

Na biyu, tsadar makamashi. Bayan yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022, Jamus ta rasa iskar gas mai araha da take saye daga Rasha. Na uku kuma, kasuwar China, wadda ta daɗe tana ciyar da kamfanonin Jamus da riba, ta juya. A 2023 kamfanin BYD ya ƙwace wa Volkswagen matsayin tambarin da ya fi ciniki a China, da motocin lantarki masu rahusa. A gida kuma gwamnati ta janye tallafin sayen motocin lantarki kwatsam a Disamban 2023, cinikinsu ya faɗi. Sai kuma harajin kwastan da gwamnatin Trump ta ƙara wa motocin da ke shiga Amurka a 2025.

Me ya sa haɗarin ya wuce kamfani ɗaya?

Mota guda tana ɗauke da dubban sassa, kuma kowanne yana da mai ƙera shi: ƙarfe, gilashi, taya, wayoyin lantarki, kujeru. Idan babban kamfani ya rage oda, ƙananan kamfanonin da ba su da wani abokin ciniki su ne ke fara durƙushewa. Ma'aikacin da ke fargabar sallama ba ya sayen gida ko sabuwar mota, don haka ciniki ya ƙara raguwa, gari kamar Wolfsburg kuma ya rasa harajin da yake gudanar da makarantu da hanyoyi. A lokacin yalwa wanda ya rasa aiki yakan samu wani. A lokacin koma baya ƙofofin duk a rufe suke.

Amurka ta ɗanɗana wannan a 2009, lokacin da Chrysler da General Motors suka bayyana karyewa, gwamnati ta zuba kusan dala biliyan 80 don ceto masana'antar. Kamfanonin sun farfaɗo, amma birnin Detroit da kansa ya bayyana karyewa a 2013. Ceto yana da tsada, ƙin ceton ma yana da tasa tsadar.

Abin da ya shafi Afirka ta Yamma

Yawancin motocin da ke yawo a Yamai da Maraɗi da Kumasi da Garwa ba sababbi ba ne. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Sabuwar motar da Bajamushe bai saya ba a bana, ita ce motar hannu da ba za ta iso tashar Kwatano ko Lome ba nan da shekara goma. Tun yanzu ma matsakaicin shekarun mota a Jamus ya haura goma, alamar cewa masu su suna riƙe su. Kaya ya yi ƙaranci, farashi ya hau, abin da ke isowa kuma ya fi tsufa.

Akwai kuma darasin 2009, lokacin da Jamus ta riƙa ba da Yuro 2,500 ga wanda ya kai tsohuwar motarsa a murƙushe ya sayi sabuwa. Idan aka sake irin wannan shiri, motocin da dillalai ke nema za su ƙare a wurin narka ƙarfe. Ga 'yan kasuwar Nijar wannan zai zo ne a kan wata wahalar, domin bayan juyin mulkin Yulin 2023 hanyar Malanville zuwa Gaya ta toshe, kaya suka riƙa zagayawa ta Togo da Burkina Faso.

Gurbin da Turai ta bari, kamfanonin China ne suka fi kusa da cike shi, da sabbin motoci masu sauƙin kuɗi. Sai dai makanikan da suka ƙware a injin Golf da Mercedes, da masu shagunan kayan gyara, za su koyi sabon aiki. Dillali da direban tasi da ke shirin sayen mota a shekaru masu zuwa suna da dalilin sa ido kan abin da ake yankewa a Wolfsburg da Brussels.