Shugabancin Ma'aikata: Takarda da Turanci, Aiki da Hausa

Duk wanda ya zauna a majalisar matasa a birnin Bauchi lokacin da ake cike takardun neman shiga manyan makarantu, zai ji ana ta maimaita shawara guda, wato yaro ya nemi fannin gudanar da kasuwanci, ko ba komai wata rana ya zama manaja. Iyaye na faɗa, yayye na faɗa, har da waɗanda ba su taɓa leƙa aji ba. Mu kuwa da muka zaɓi karatun Hausa, tambayar da ake jifanmu da ita ta riga ta zame mana jiki: in mun gama, me za mu yi da ita? Na daɗe ina haɗiye wannan tambaya, sai wani abu da ya sami wani yayana a unguwarmu ta Ƙofar Dumi ya nuna mini cewa fannonin nan biyu, wanda ake yabo da wanda ake yi wa dariya, kowanne na buƙatar ɗan'uwansa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da farko dai, mai son wannan karatu a Bauchi bai rasa inda zai je ba. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji a kan hanyar Dass, wadda aka kafa a 1979. Akwai ta jiha, wato ta Abubakar Tatari Ali da ke Wuntin Dada, wadda ta zo a 1988. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ta fara a 1980, ga kuma jami'ar jiha da aka buɗe a Gaɗau a 2011, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur. A kwalejojin, ɗalibi kan yi shekara biyu ya karɓi difloma, ya fita ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan ya dawo ya ƙara biyu ya karɓi babbar difloma. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ce ke tsara manhajar. A cikinta akwai lissafin kuɗi, da dabarun talla, da dokokin kasuwanci, da kula da sito, da sha'anin ma'aikata, tare da darussan Turanci na dole.

Ina daga cikin masu goyon bayan wannan karatu, ko da yake na san akwai masu cewa ba a koyon kasuwanci a aji. Hujjarsu kullum ita ce Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fatauci har Gwanja, ya shahara a cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955 ba tare da ya riƙe wata difloma ba. Wannan gaskiya ne. Amma su tuna cewa tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote sai da ya yi karatun kasuwanci a Jami'ar Azhar da ke Alƙahira, ya haɗa da abin da ya gada a gida. Bugu da ƙari, su dubi yawan kantuna da ƙananan masana'antu da muka ga sun bi masu su kabari, saboda duk lissafin yana cikin kan maigida, babu littafi, babu wanda ya san bashin da ake bi ko wanda ake binsu. Shekarar 2023 kaɗai ta isa darasi. A farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi, a ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, farashin komai ya tashi. Ɗan kasuwar da bai san nawa yake kashewa a kan kowane kaya ba, ya yi ta sayarwa yana murna da ciniki, alhali uwar kuɗi yake ci.

Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu, ina masu wannan takarda suke ƙarewa? Mafi yawa suna shiga ne da mafarkin ofis mai sanyi a ma'aikatar gwamnati ko banki. Guraben nan kuwa kaɗan ne, kuma masu babbar difloma sun daɗe suna kukan ana fifita masu digiri a kansu, har Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da bambancin a 2021, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Aikin da ke samuwa a zahiri shi ne na sa ido a kan ma'aikata a gidan burodi, ko gidan ruwan leda, ko gidan mai, ko masauƙin baƙi, ko injin casar shinkafa, ko babban kanti a Wunti da Muda Lawal. Aiki ne na tsayawa tsakanin ubangida da yaransa, irin wanda kakanninmu suka sani da sunan heluma. A waɗannan wurare kuwa, tun daga mai gadi har zuwa direba, da Hausa ake magana.

A nan labarin yayana ya shigo. Ɗan wan mahaifina ne, kuma kamar ni, ba Hausa ya sha a nono ba, a titi da filin ƙwallo ya tsince ta. Ya gama babbar difloma da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, ya zauna kusan shekara biyu babu aiki, sannan wani Alhaji mai gidan burodi ya ɗauke shi ya kula da ma'aikata kusan ashirin. A watansa na farko karatu ya yi rana. Ya buɗe littafin shige da fice, ya gano cewa ƙaramin burodin da aka fi saye faɗuwa ake yi a kansa, ya gano cewa bashin da ake bin masu shayi ba a rubuce yake ba, kuma adadin burodin da ke fita daga buhun fulawa yau daban, gobe daban. Alhaji ya yi ta sa masa albarka.

Daga nan sai ya juya kan ma'aikata. Ya buga sanarwa da Turanci ya manna a ƙofa, mai cewa duk wanda ya makara za a yanke masa kuɗi. Babu wanda ya karanta, don haka babu abin da ya canja. Ran nan sai dattijon da ke kula da tanda, wanda ya yi sa'an mahaifinsa, ya zo a makare. Yayana ya kira shi da sunansa gatsau a gaban yara, ya miƙa masa takardar tuhuma, ita ma da Turanci. Da aka tashi aiki, ya so ya ce masa yana iya tafiya gida, sai ya ce ya sallame shi. Ku ɗaliban harshe kun riga kun hango inda gizo ya yi saƙa. Mutumin da aka miƙa wa takarda da safe, aka ce an sallame shi da yamma, ai kora ya ji. Washegari bai zo ba, yara shida da shi ya kawo su gidan su ma ba su zo ba. An riga an yi kwaɓi, babu mai gasawa, ya kumbura ya yi tsami aka zubar. Masu shayi suka jira har suka gaji, suka koma wani gidan, wasunsu da bashin Alhaji a wuyansu. Saura ƙiris yayana ya rasa aikin da ya yi shekara biyu yana nema.

Mahaifina ne ya sa shi gaba, suka sayi goro suka je har gidan dattijon ba da haƙuri. Abin da ya fito daga bakin dattijon shi ne, takardar ba ta dame shi ba tunda bai ma san abin da ke cikinta ba, kuma ya yarda ya makara. Abin da ya yi masa ciwo shi ne kiran sunansa da aka yi a gaban yaran da ke durƙusa masa. Tun daga ranar yayana ya koma kiransa Baba, kuma duk wata sabuwar doka sai ya fara kai masa ita a keɓe. Ya kuma ɗauki al'adar tara ma'aikata ran Asabar ya warware musu lissafi da Hausa: ga kuɗin buhu, ga na sukari da yis da itace, ga adadin burodin da ya kamata ya fita. A irin wannan zama ne wani yaro ya faɗa masa cewa da ido ake yanka kwaɓi saboda sikelin ya daɗe da lalacewa, abin da littafinsa ya yi wata biyu bai gaya masa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsala ta mu masu koyon Hausa daga baya ce kawai. Na ga Hausawa haifaffun cikin ganuwa waɗanda in aka ce su bayyana wa lebura dalilin da ya sa ake ware kuɗin tsufan inji daga riba, sai su yi ta in-ina suna cusa Turanci. Sun iya Hausar hira, sun iya Turancin jarrabawa, amma ba a taɓa haɗa musu ilimin da harshen wuri guda ba. Abin mamaki, littattafan da suke karantawa ma sun nuna muhimmancin abin. Henri Fayol, injiniyan haƙar ma'adinai na ƙasar Faransa wanda kowane ɗalibin fannin ya haddace sunansa, ya kasa aikin shugaba gida biyar a littafinsa na 1916: tsara abin da za a yi, da shirya mutane da kayan aiki, da ba da umarni, da daidaita tsakanin sassa, da bin sawun aiki. In ka cire na farko, wanne ne cikin sauran zai yiwu ba da magana ba? Umarnin da ba a fahimta ba, ko wanda aka bayar ta hanyar da ta zubar da girman mutum, daidai yake da ba a bayar ba.

Hausa kuwa ba matalauciya ba ce a wannan fage, domin harshen fatake ne tun fil azal. Muna da jari da uwar kuɗi da riba da faɗuwa. Muna da sari da kiri, da tayi da albarka, da dillali da la'ada, da lamuni da ajiya da adashi, da jinga da ƙwadago, da kafin alƙalami. Dubi ita kanta kalmar sallama da ta kusa cinye yayana: mai kaya kan sallama in tayi ya yi masa, ubangida kan sallami yaronsa da jari in ya ƙware, ana sallamar baƙo da kyauta, ana kuma sallamar ma'aikaci daga aiki. Dubi kalmar yaro, wadda a kasuwa kan hau kan mai furfura in dai a ƙarƙashin wani yake, amma ba a kiransa da ita a gaban idonsa. Wanda zai shugabanci mutane bai san waɗannan ba, makaho ne da fitila a hannu.

Ba ina cewa a kori Turanci daga ajin kasuwanci ba ne. Takardun banki, da na haraji, da na rajistar kamfani, duk da Turanci suke zuwa, kuma dole mai kula da ma'aikata ya iya su. Abin da nake kira a yi abu uku ne. Na ɗaya, makarantun da ke koyar da wannan fanni a Arewa su sa darasin sadarwa da Hausa a wurin aiki, ko da na zango ɗaya ne, inda ɗalibi zai koyi rubuta sanarwa, da yi wa ma'aikaci gargaɗi, da sasanta rigima, da bayyana lissafi ga wanda bai yi boko ba. Na biyu, a riƙa tura ɗalibai sanin makamar aiki a kasuwanni da ƙananan masana'antu, maimakon ofisoshin da za su wuni suna ɗaukar fayil. Na uku ya rataya ne a wuyanmu.

Magabatanmu a wannan fanni sun nuna mana hanya. A 1990 aka fitar da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ya sa yau muke nazarin nahawu da Hausa ba tare da kame-kame ba. A 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. To me zai hana mu yi wa kasuwanci irin wannan hidima? Kowace shekara muna rubuta kundayen kammala karatu, kuma sau da yawa batutuwan da aka riga aka tattake muke komawa. Ɗalibi ɗaya ya shiga Muda Lawal ya tattaro kalmomin masu hatsi, wani ya zauna da masu gidajen burodi, wata ta bi matan da ke adashi, wani ya fassara dokar ƙwadago cikin Hausar da direba zai gane. In aka haɗa waɗannan, ai an sami littafin da malamin kasuwanci zai riƙe a aji.

Har ila yau, mu ma kada mu raina nasu ilimin. Da yawa daga cikinmu za su zama shugabannin makarantu, ko editoci, ko masu kula da shirye-shirye a gidajen rediyo, wasu kuma za su buɗe nasu wuraren fassara da ɗab'i. Duk waɗannan shugabancin mutane da kuɗi ne. Darasin koyon sana'a da dogaro da kai da ake tilasta mana, wanda muke shiga don neman maki kawai, ya kamata mu buɗe masa kunne. Wanda ya sami dama ya ƙara da ƙaramar difloma a fannin gudanarwa bayan digirinsa, bai yi asara ba. Mai Hausa da bai iya lissafi ba zai karya wuri kamar yadda mai lissafin da bai iya magana ba zai watse ma'aikata.

Yayana yana nan a bakin aikinsa har yau, kuma a 'yan kwanakin nan ya kawo mini wasu dokokin gidan guda goma sha biyu in mayar masa da su Hausa. Na yi, ya kai wa Baba ya saurara, Baba ya gyara mini wurare uku. Ya biya ni ladan aikina, kuma shi ne kuɗi na farko da karatun Hausa ya taɓa sa mini a aljihu. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda za su zaɓi batun kundi a bana, da su leƙa kasuwa kafin su yanke shawara. Allah ya sa mu dace.