Lilo Yakan Mutu, Amma Ba Ya Sake Taku

Sanin kowa ne cewa lilon da aka tura aka ƙyale yakan yi ta raguwa har ya tsaya cik. Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa yayin da faɗinsa ke raguwa, saurin kai-da-komonsa ma raguwa yake yi. Wannan kuskure ne, kuma tushensa shi ne yadda ake koyar da darasin a kan allo kawai, kamar babu iska a duniya.

Gaskiyar al'amarin ita ce, tirjiyar iska ko ta mai tana cinye faɗin lilo a hankali, amma muddin faɗin ba mai yawa ba ne, tsawon lokacin kowace tafiya da dawowa ba ya canzawa daga farko har ƙarshe. Dutsen da aka rataya da zare mai tsawon mita 1 yakan je ya dawo cikin kimanin daƙiƙa 2, ko yana da ƙarfi ko ya kusa tsayawa. Abin da tirjiya ke yi shi ne ta rage yawan kai-da-komon tun daga farawa. Akwai iyakar da in tirjiya ta kai ta, lilo ba ya yiwuwa sam. Idan ta kai kashi 10 cikin 100 na wannan iyaka, ragin kimanin rabin kashi 1 cikin 100 ne kawai. Idan kuwa ta kai kashi 60, ragin yakan kai kashi 20.

Wannan ilimi bai tsaya a ɗakunan gwaji na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ba. Makanikan Sabon Gari suna aiki da shi kullum. Mota tana zaune ne a kan sifirin, kuma man da ke cikin shokabzoba shi ne tirjiyarta. Makanike yakan danna gefen mota ya saki. In ta yi ta rawa, ya san shokabzoba ya mutu. Irin wannan mota tayoyinta ba sa kama titi sosai a kan gargada, birki kuma yakan yi jinkirin tsayar da ita.

Saboda haka ya kamata malaman sakandare su ba ɗalibai zare da dutse da agogo, su auna lokacin lilo 20 na farko da 20 na baya, sannan su maimaita gwajin da dutsen a cikin bokitin ruwa. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.