Wa Ke Jinyar Mai Jinya?

Duk wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa ɗakin gaggawa na babban asibiti cikin dare ya san irin maganar da ake yi a bakin ƙofa. An shigo da mutum jina-jina daga haɗarin mota, mata na salati, maza na kai-komo, sai malamar jinya ta zo fuska a ɗaure, ta duba bugun jininsa, ta ɗaura masa ruwa, ta wuce gado na gaba ba ko sannu. Nan take sai a yanke mata hukunci, a ce mutanen nan ba su da imani, sun saba da ganin gawa. Babu shakka akwai ma'aikatan da suka cancanci zargi. Amma sau da yawa abin da ake gani a fuskar nan gajiya ce wadda ilimin halittu ya san asalinta, kuma wajibi ne al'ummar da ke neman tausayi a asibiti ta fahimce ta.

Da farko, ɗakin gaggawa ba ya bin layi irin na kasuwa. Tun zamanin yaƙe-yaƙen Napoliyon na Faransa, wani likitan soja mai suna Dominique Larrey ya kafa ƙa'idar fara duba wanda rauninsa ya fi tsanani, ko da kuwa ƙaramin soja ne, hafsa na jira. A kan wannan ƙa'ida ake tafiya har yau. Ma'anarta ita ce, a kowane dare ma'aikaci yana zaɓe tsakanin mutane biyu ko uku da ke kuka, ya tafi ga ɗaya, ya bar saura. Wani lokaci wanda ya yi shiru shi ne jini ke zuba a cikinsa, mai ihu kuwa zai iya jira. Dangin mai ihu ba su san haka ba, don haka ma'aikacin kan kwashi zagi a kan abin da ya yi daidai.

Hausawa kan ce jiki magayi. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙaramar gaɓa da ake kira adiranal. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika mata saƙo, ita kuma ta saki sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya ƙaru, sukari ya kwarara zuwa tsokoki, narkar da abinci ta dakata. Bayan 'yan mintoci sai wani sinadarin mai suna kotisol ya biyo baya, ya riƙe jiki a cikin shiri. Wannan tsari ya dace da manomin da ya ci karo da kububuwa a gona: ya yi tsalle, ya tsira, jikinsa ya koma daidai. Ma'aikacin gaggawa kuwa yakan ci karo da tasa kububuwar sau da dama kafin asuba, gobe ma haka, jibi ma haka.

A shekarar 1936, wani masani a ƙasar Kanada, Hans Selye, ya bayyana abin da ya gani a jikin ɓerayen da aka daɗe ana wahalarwa. Gaɓar adiranal ɗinsu ta kumbura, gaɓoɓin da ke taimaka wa garkuwar jiki sun motse, gyambo ya fito a tumbinsu. Daga nan ya nuna cewa jiki kan bi matakai uku: firgita, sannan juriya, sannan ƙarewar ƙarfi. Binciken da ya biyo baya ya danganta daɗewa cikin irin wannan matsi da hawan jini, da rashin barci, da raunin garkuwar jiki. Bugu da ƙari, aikin dare yana da nasa harajin. A shekarar 1997 masu bincike a Ostireliya sun gano cewa mutumin da ya yi sa'a 17 idonsa biyu, saurin hannunsa da natsuwarsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha giya. Likitan da ya shiga aiki da safe, har tsakar dare bai runtsa ba, ya kai wannan iyaka, alhali kuwa allura da wuƙa na hannunsa.

Zuciya ma tana da nata kaso. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan'adam a birnin New York na Amurka, Herbert Freudenberger, ya lura da masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta. Sun fara da zumuɗi, amma bayan wani lokaci sai suka zama masu saurin fushi, marasa walwala, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki, mai alamomi uku: ƙarewar kuzari, da nisantar da zuciya daga aikin, da raguwar ƙwazo. Alama ta biyun ita ce ɗaurarriyar fuskar da dangi ke gani. Wanda ya sanar da uwa rasuwar ɗanta da ƙarfe biyu na dare, kuma dole ya ɗinke raunin wani da biyu da kwata, ba shi da lokacin kuka. Sai ya haɗiye, ya ɗaga gaba. Yau da gobe, haɗiyar kan zama ɗabi'a.

Mai karatu zai iya cewa ai su suka zaɓi aikin, kuma ana biyansu. Gaskiya ne, kuma gajiya ba ta halatta wulaƙanta majiyyaci ko sakaci da ransa. Sai dai wa'azi kaɗai ba ya sauke kotisol daga jini. Idan likita ɗaya ne ke riƙe da ɗakin da ya kamata uku su riƙe, saboda abokan aikinsa sun tafi Ingila ko Saudiyya neman sauƙi, to, tsawa daga shugabanni ba za ta ƙara masa barci ba. A Amurka, tun shekarar 2003 aka ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa sa'a 80 a mako, don kare su da majiyyatansu. Asibitocin Nijeriya da Nijar suna bukatar irin wannan iyaka wadda za a kiyaye da gaske, da wurin hutawa, da al'adar zama bayan an yi rashi mai nauyi, manya su saurari ƙanana ba tare da gori ba.

To, me ke riƙe mutane a wannan aiki? A watan Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas da ciwo, aka kai shi asibitin da Dokta Ameyo Stella Adadevoh ke aiki. Ta yi zargin cutar Ebola ce, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata. Ita kanta ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta kuɓuta. Da an bar majiyyacin nan ya shiga cunkoson Legas, Allah kaɗai ya san iyakar ɓarnar. Yawancin ma'aikata ba za a taɓa jin sunansu ba, amma kowannensu yana da irin wannan dare a ransa: yaron da ya daina numfashi ya dawo, ko mai naƙudar da jini ya tsinke mata ta koma gida da jaririnta. Ɗalibin da ke burin likitanci ko aikin jinya ya dace ya san daɗin da nauyin tun yana aji, malamin kimiyya kuma ya koya masa cewa neman taimako idan zuciya ta gaji ba ragwanci ba ne.

Akwai kuma mai jinyar da ba ta da fararen kaya ko albashi. Ita ce uwa ko mata ko ƙanwa da ke kwana bisa tabarma a gefen gado, mako da makonni, tana wanki, tana sayen magani, tana juya majiyyaci. Adiranal ɗinta iri ɗaya ce da ta likita. Masu dubiya kan shigo su ce yaya mai jiki, su ajiye lemo, su tafi, ba wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da barci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dangin da suka raba kwanakin jinya a tsakaninsu, maza da mata, sun yi wa majiyyacin gata, domin mai jinyar da ta huta ba ta cika mance lokacin magani ba. Kuma wanda ya je dubiya, bayan ya gaida mai jiki, ba zai rasa komai ba idan ya juya ga na gefen gado, da malamar jinyar da ke wucewa, ya ce musu sannu da ɗawainiya.